Gatura Tara da Hannun Makoɗi

A daminar shekarar 1954 akwai wani dattijo a Unguwar Sarki mai suna Tanko, wanda sana'arsa koɗa dutsen niƙa. Ga waɗanda suka taso suka tarar da inji, koɗa ita ce a bi fuskar dutsen da 'yar guduma mai tsini ana sara, idan ya yi santsi, domin ya koma cin hatsi. Sana'a ce da ba ta jawo wa mai ita suna, ba ta kuma jawo masa abokan gaba, kuma Tanko ya shekara talatin yana yin ta babu ko ɗaya daga cikin biyun. Da injin niƙa ya fara ruri a cikin gari, matan Kaduna suka rage kiran sa, sai ya riƙa tsawaita tafiya. Ran Litinin yana Malali. Ran Laraba yakan bi ƙananan ƙauyukan da ke gefen hanyar Zariya kafin a kai Rigachikun.

Aibinsa guda ɗaya ne, tsintar duwatsu. Ba ya wuce kwari ko sabuwar huɗa bai sunkuya ba. A ƙarƙashin gadonsa akwai dutse mai hoton ganye a jikinsa, da wani guntu wanda ido zai rantse itace ne har da ɓawonsa, amma hannu ya ce dutse ne. Matarsa Dije ta gaji da magana. Takan ce, "Malam, mazan mutane su dawo da tsire, kai ka dawo mini da tsakuwa. Ranar da gadon nan ya karye, kai za ka kwana a kansu."

Cikin abin da yake tsinta har da baƙaƙen duwatsun nan masu santsi da baki kamar na gatari, waɗanda kowa ya sani da gatarin aradu, kowa kuma ya yarda daga sama suke faɗowa tare da tsawa. Tanko bai taɓa yi wa kowa gardama ba. Sai dai idan ya bi gindinsu da babban yatsa yakan ji ƙananan ramuka a jere, kuma ya san irin ramukan nan, domin su yake yi tun yana saurayi. Abin ya dame shi har ya ɗauko baƙin dutse daga bakin kogi, ya shafe wata biyu yana sara yana gogawa a bayan ɗaki, don ya ga ko zai iya. Abin da ya fito karkatacce ne, bakinsa kamar na tsohuwar fartanya. Ya jefa shi cikin buhun aikinsa tare da na tsintuwa guda huɗu, yana fito da su yana gwadawa idan ya zauna hutawa, yana jin kunyar kansa.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, wanda ake kira Unguwar Laraba, akwai wasu 'yan'uwa biyu, Garba da ƙanensa Hassan, masu noma gona ɗaya ta gado. Farkon damina Hassan ya taɓa iske Tanko a sunkuye a ƙarshen gonar.

"Kai tsoho, me kake binnewa a nan?"

"Ba binnewa nake ba, ɗana. Tsinta nake."

"To je ka yi tsintar a gonar ubanka."

Ya kore shi da ƙotar fartanya, mutum uku suna kallo suna dariya. Tanko ya ɗauki buhunsa ya tafi.

Wata Litinin cikin watan Agusta, da la'asar, aradu ta faɗa wa Hassan a wannan gonar, ta kashe shi nan take. Ruwan da ya biyo baya ya zaizaye ƙarshen gonar ya buɗe rami, kuma washegari Garba ya ga baƙin abu yana leƙowa daga gefen ramin. Ya tona da hannu. Gatura tara ya fitar, a tare wuri guda kamar ƙwan zabo. Aka zuba nono a wurin yadda aka saba, aka kawo duwatsun a ƙwarya aka ajiye ƙofar gida. Tsofaffi suka ce ba su taɓa jin tara a rami ɗaya ba, amma ikon Allah ya wuce haka. Da an bar maganar a nan, da Garba ya yi kukansa ya koma gona.

Ran Laraba, ranar sadakar uku, Malam Iliya ya zo gaisuwa. Shi ne akawun leburorin da ke gyaran hanyar Zariya, mutumin Kagoro, mai ladabi da son jama'a, wanda ya yi makaranta har ya kai inda mutum ba ya iya jin kuskure ya yi shiru. Bara ya ziyarci gidan ajiye kayan tarihi na Jos. Da ya gama gaisuwa ya hango ƙwaryar, sai fuskarsa ta yi haske irin wanda bai dace da zaman makoki ba. Ya nemi izini, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi.

Ya ce, "Malam Garba, ko wannan zai rage maka nauyi a zuciya. Waɗannan ba su suka kashe ɗan'uwanka ba. Ba daga sama suka zo ba sam. Hannun mutum ne ya yi su."

Garba ya ɗago kai a hankali. Ƙato ne, kwana biyu bai ci abinci ba. "Akawu, hannu ka ce?"

"Hannun mutum. Na ga irinsu cike da akwati a Jos. Mutanen dā ne suka yi su, tun kafin a san ƙarfe, shekara dubu biyu ko fiye."

"Kakana ya sare dajin nan. Ubana ya nome shi shekara arba'in. Ba wanda ya ga ko guda. Mutanenka na dā sun jira shekara dubu biyu, sai makon da ƙanena ya mutu suka fito?"

"Ruwa ne ya tono su, Malam Garba."

"Ruwa bai fara sauka bana ba."

Mai unguwa Sulaiman, wanda ke zaune kan buzu a gefe, ya yi gyaran murya. Kowa a wurin ya san akwai masu aika aradu ga wanda suke ƙi. Abin da ba a sani ba shi ne yadda suke nuna mata hanya, ga shi kuwa mai ilimi ya zo da kansa ya bayyana. Mai unguwa ya tambaya cikin natsuwa, "Malam Iliya, wane irin mutum ne zai iya yin wannan aiki?"

Malam Iliya ya ji daɗin tambayar. Ya ce, "Wanda ya san dutse ƙwarai, ranka ya daɗe. Dubi nan, ka ga ƙananan ramukan nan? Sara ne ɗaya bayan ɗaya, kamar dai yadda ake koɗa dutsen niƙa."

A daidai lokacin ne aka jiyo ƙarar guduma daga bayan danga, gida uku daga nan, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba gaggawa. Tanko ya shigo ƙauyen ta hanyar rafi kamar kowace Laraba. Tsohuwa Asabe ta ba shi labarin rasuwar, ya yi salati, ya ce bari ya ƙarasa mata dutsenta sannan ya je gaisuwa.

Mutum ashirin suka tashi tare. Malam Iliya ya bi su yana cewa, "Ku tsaya, ba haka nake nufi ba," amma ya riga ya gama ba da shaida, ba a kuma bukatar sa.

Tanko ya ji tafiyarsu, ya ajiye guduma ya miƙe don ya yi musu ta'aziyya. Bai kai ga buɗe baki ba Garba ya sa masa ƙulli a fuska. Ya faɗi kan tulun Asabe, tulun ya fashe. Suka rufe shi da duka, wasu da ƙafa, wasu da itacen girki, wani da muciya. Asabe tana ihu tana jan rigunansu.

"Ku 'yan banza, sa'an ubanku ne! Garba, ni na yanke maka cibiya, ka sake shi!"

"Iya, matsa kada a same ki."

Suka ja shi a ƙasa ta ƙafafu har cikin gidan makokin, inda mata suka cika tsakar gida, matar mamacin, Hafsatu, tana zaune a ƙofar ɗakinta lulluɓe da mayafi. Haƙoran Tanko biyu sun zube a hanya, jini ya rufe masa ido ɗaya. Wani ya zazzage buhunsa a gaban jama'a. Guduma ta faɗo, da 'yar ƙwaryar fura, da goro guda. Sannan gatura biyar suka gangaro ɗaya bayan ɗaya.

Mata suka ja da baya suna salati. Garba ya sunkuya ya ɗauki karkataccen, wanda har yanzu farin sabon sara yake a jikinsa.

"Wannan ma mutanen dā ne, Akawu?"

Malam Iliya ya duba. Ya yi makaranta, ba a kuma koya masa ƙarya a can ba. Ya kawar da kai, wannan kuma ya wadatar.

Wani ya ɗaga taɓarya. Mai unguwa ya shiga tsakani da sandarsa. "Ba za a kashe mutum a ƙauyena ba. Wanda ya kashe shi, igiya ce a wuyansa, ni kuma a tuɓe ni. A ba shi rantsuwa." Ya sa aka wanke ɗaya daga cikin gatura taran a ƙoƙo, aka miƙa wa Tanko ruwan. "Makoɗi, sha ka rantse da aradu cewa hannunka bai taɓa sassaƙa irin wannan dutse ba. In ka sha, ka tafi gida."

Hanya ce a buɗe, kuma mai unguwa ya buɗe ta ne da gangan. Tanko ya dubi ƙoƙon. Bai yarda dutsen daga sama ya zo ba, amma ya yarda da aradu, domin ya ga abin da take yi wa rimi, kuma damina ce, tafiyar awa uku ce a fili tsakaninsa da Unguwar Sarki.

Ya tofar da jini ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan karkataccen nawa ne. Ni na yi shi. Sauran ba ni ba ne. Ku duba da idonku, ku gwada su. Wanda ya yi taran nan ya fi ni nesa ba kusa ba. Ni wata biyu na yi, ga abin da na samu."

"Kun ji!" in ji wani daga baya. "Koyo yake, bai gama ƙwarewa ba ya kashe mutum!"

"Hassan ya kore shi daga gonar, ni ina wurin!"

Malam Iliya ya kutsa tsakiya ya tsaya a kan Tanko, hannuwansa a buɗe. "Jama'a, ku ji tsoron Allah, aradu ba ta bin dutse. Bari in yi muku bayani." Taɓaryar da aka ɗaga ɗazu ta sauka a kafaɗarsa. Ya durƙusa, aka ture shi gefe kusa da rumbu, bayanin ya ƙare a nan.

Mai unguwa ya ga cewa ran mutumin kaɗai zai iya ceta, sai ya faɗi hukuncin da aka gada: hannun da ya aika aradu shi ake karyawa, don kada ya sake aikawa. Babu wanda ya taɓa ganin an yi haka a ƙauyen, amma kowa ya ji kakansa ya faɗa, wannan kuwa ya ishi kowace doka ƙarfi.

Suka ja shi zuwa dutsen niƙan Hafsatu da ke ƙarƙashin rumfa. A nan ya kamata a faɗi abin da mazan nan ashirin ba su sani ba. Tanko bahago ne. Uwarsa ta horar da shi da bulala har ya koyi cin abinci da gaisawa da karɓar goro da dama, kuma iyakar abin da maza suka taɓa gani ke nan. Amma guduma da hagu yake riƙe ta, kuma yana aiki ne da hantsi a bayan gida, lokacin da maza ke gona. Niƙa sha'anin mata ne, babu magidancin da ya taɓa tsayawa ya ga yadda ake gyara dutsen da ke ciyar da shi. Matan da ke tsakar gidan nan kuwa, su fiye da talatin, babu wadda ba ta taɓa zama ta kalli hannun hagun nan yana tashi yana sauka ba, wasu har suna yi masa ba'a da shi. Idan dama ta tafi, Tanko zai sha wuya ya rayu. Idan hagu ta tafi, shi da Dije sai bara.

Da suka kifar da shi, ya faɗi a kan hannun hagunsa, ya danne shi da ciki. Mutum biyu suka hau bayansa. Wani ya fizgo hannun damansa ya shimfiɗa shi a kan dutsen, ya taka wuyan hannun da ƙafa. Garba ya ɗauki ɗan dutsen da ake niƙa da shi da hannu biyu. Ya ɗaga, sai ya dakata. Ko me ya gani a yatsun, ko laushinsu ne, ko rashin kantar aiki, Allah ne masani. Ya juya wajen ƙofar ɗaki.

"Hafsatu, shekara shida yana yi miki aiki a kan dutsen nan. Wannan ne hannun?"

Hafsatu ba ta kai shekara ashirin da biyar ba, ga goyo, ga mijinta kwana uku a ƙasa, kuma ba wanda ya san abin da ta yarda da shi game da gaturan. Ta dubi dattijon da ke kwance, ta dubi gwiwar hannun da ke leƙowa daga ƙarƙashin cikinsa. Tanko bai dube ta ba. Ya kafa goshi a ƙasa.

Ta ja mayafinta ta ce, "Yaya, ni dutsena nake kallo. Ba na kallon hannun maza."

Garba bai sauke dutsen ba, bai kuma buga ba. Ya bi sauran matan da ido. Sai Asabe ta matso, zaninta jiƙe da ruwan tulu.

"Kai Garba, da wane hannu kake cin tuwo? Da wane hannu kake riƙe fartanya? Ƙato da kai, kana tambayar mai takaba abin da jariri ya sani. In za ka yi zaluncinka ka yi, Allah yana kallon ka, amma kada ka sa bakinmu a ciki."

Wani ya yi 'yar dariya. Kunya ta kama Garba, ya sauke dutsen a kan hannun da dukan ƙarfinsa.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Ihun Tanko ne ya kori kaji daga tsakar gidan. Jikinsa duka ya yi tsalle, mutum biyun da ke bayansa suka kusa faɗuwa, kuma hannun hagun ya zabura zai fito ya kare ɗan'uwansa, yadda kowane hannu zai yi. Tanko ya damƙi rigarsa da shi ta ciki, ya sake danne shi da nauyinsa, ya ciji ƙasa. Garba ya sake bugawa. A bugu na uku ɗan dutsen ya zame saboda jini, ya kuɓuce masa ya gangara gindin rumfa. Bai bi shi ba. Ya tsaya yana haki yana kallon abin da ke kan dutsen, sannan ya koma bayan rumbu ya yi amai.

Mazan suka fara zamewa ɗaya ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi. Asabe ta yage gefen zaninta ta ɗaure hannun. Mata huɗu suka ɗauki Tanko zuwa bakin hanya, Malam Iliya yana biye da kafaɗa a saɓule, ya tsayar da motar tsakuwa ta masu gyaran hanya.

A bayan motar, wajen Kawo, Tanko ya farfaɗo. Malam Iliya yana riƙe da kan dattijon yana kuka kamar yaro.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi taimako na yi niyya."

Tanko ya daɗe kafin ya iya haɗa magana, saboda leɓensa ya kumbura. "Malam, gaskiya ka faɗa. Ni ma na daɗe da sani." Ya numfasa. "Amma da ka bari na wuce tukuna."

A asibiti aka yanke yatsu uku, aka bar masa babba da ƙarami, waɗanda ba su sake lanƙwasuwa ba. 'Yan doka suka je ƙauyen washegari suka kama Garba, suka kwashe duwatsun goma sha huɗu a matsayin shaida, har da karkataccen. Alƙali ya ɗaure shi shekara guda. Mai unguwa ya ce shi lokacin yana masallaci, mutum goma sha tara kuma suka tabbatar da haka, domin su ma suna can.

Bayan wata huɗu aka sake jin gudumar Tanko a Malali. Yakan tokare dutsen da gwiwa da dungun hannun dama, aikin yana ɗaukar sa ninki biyu na lokacin dā, amma yana fita. Bai sake bin hanyar Zariya ba.

Da Garba ya fito daga kurkuku, wani mai tallan gishiri ya ba shi labari a ƙofar gida cewa makoɗin nan yana nan yana aikinsa. Garba ya buga cinya, ya ce wannan ya tabbatar da abin da ya faɗa tun farko, domin babu mahalukin da zai koɗa dutse da yatsu biyu in ba da asiri ba. Ya leƙa cikin gida ya maimaita wa matarsa, wadda ke tankaɗe a bakin rumfa. Ta ce lallai abin da mamaki, ta tambaye shi ko miyar kuka yake so ko ta kuɓewa.